Takalman da Kawu Ya Bari a Mota

Na Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Direbobin bakin kogin nan kuwa Usta suke ce masa, wato ubangidan sana'a, ba sa ƙara komai a kai, don ba wanda zai tambaya wane Usta.

Tun kafin a gama kafa rumfar makoki motoci suka fara shigowa ƙauyenmu. Na halarci zaman mutuwa da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin inda aka rasa wurin ajiye mota ba sai ranar. Ga ƙananan motocin ɗaukar kaya da muke kira boksi, ga motocin fasinja na Mai Wurno da suka bar layi a tasha, ga manyan motocin albasa daga Abu Hujar, har da motar asibiti ɗaya. Abin da ba zan manta ba shi ne, kowane direba da ya kashe mota sai ya tuɓe takalminsa ya bar shi a ciki, ya tako ƙasa mai zafi da ƙafarsa har rumfa, sannan ya ɗaga hannu a yi Fatiha. Babu wanda ya shirya musu haka. Baƙin da ba su san dalili ba sai kallon ƙafafun mutane suke yi.

Wani ƙato mai furfura da ya zo daga Hasahisa ya durƙusa a ƙofar gidan yana kuka. Wani da ke can ƙasashen Larabawa, inda yake cikin masu tseren hamada, ya bugo waya ya ce a ɗaga masa ita ya ga rumfar. Aka ɗaga. Ya daɗe yana kallo.

Washegari da rana, a cikin gida, Inna, matar Kawu, tana haɗa tufafinsa da za a bayar sadaka. Ta ninke jallabiyoyi, ta naɗe rawani, ta jingine sanda. Sai ta ɗago kai.

"Ina markubinai? Da shi yaf fita ranar tsere, anka maido mani shi babu. Ku duba mani, don Allah."

Mata suka shiga ɗage tabarmi da leƙa ƙarƙashin gado suna neman takalman fatar nan jajaye da ya daɗe yana sawa. Ni ina zaune ina tsince shinkafa, ban ɗago ba, domin na san inda suke. Suna ƙarƙashin kujerar motar ɗana, kuma na san ranar da suka fito fili, ɗan nan nawa ya bar gabana ke nan. Wanda bai san Kawu ba zai ce mene ne a takalmi, don haka bari in faɗi wane ne shi.

Da ƙuruciyarsa babbar mota yake ja, yana kwasar auduga daga Jazira. Tun lokacin bai taɓa tuƙi da takalmi ba. Cewa yake yi mota ta ƙafa take yi wa mutum magana, wanda ya sa takalmi ya toshe kunnensa. Da ya gaji da hanya ya buɗe garejinsa, warsha a bakinmu, a gindin darbejiyar kasuwa. Can za ka same shi da butar gahawarsa mai citta, hannu baƙi ƙirin da mai. Yabo da Larabci yake yi, a taƙaice. Faɗa kuwa sai da Hausa, wai Larabci ba ya kai maganar inda yake so ta kai. Samarin da Hausarsu ta gudu, a warsharsa suka koyi zagi tun kafin su koyi gaisuwa.

Da kwalta ta iso kusa da mu, samari suka mai da ita filin gasa. Cikin kaka ɗaya aka binne yara biyu na unguwarmu. Dattawa suka zauna a masallaci suka ce a hana kowane saurayi gudu, a ƙwace makulli. Kawu ya bari kowa ya gama, sannan ya ce:

"Yaron da ƙafatai ke ƙaiƙayi, gudu za shi yi, ko mun so ko mun ƙi. Ni dai na fi son shi yi gabana da shi yi bayana."

An yi masa ca a ranar. Wasu suka ce ya zautu. Bai kula kowa ba. Da aka gama girbin dawa ya fita da sandarsa ya shata hanya a kan baƙar ƙasar nan da ke tsattsagewa da rani: daga tsohon injin ban ruwa, a bi gefen babbar hanyar ruwa, a zaga dajin bagaruwa na bakin kogi, a dawo. Ya ce duk shekara nan za a yi tsere, kuma akwai kyauta. Wanda ya ci zai samu sababbin tayoyi daga amfanin lambun ayabarsa, zai yi shekara a warsha yana koyon cikin mota, sannan a tura shi Umdurman wurin wani tsohon abokin Kawu mai haɗa motocin tseren hamada. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Duk wanda aka gani yana tsere a kwalta, ya fita daga gasar har abada, ko ɗan wane ne shi.

Ba a jera motoci a sake su tare. Ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, kuma Kawu na zaune a gefen kowane direba, ya tuɓe takalmi, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Ana duba agogo, amma agogo ba shi ne alƙali ba. Sau da yawa wanda ya fi kowa sauri ya koma gida hannu wofi, ubansa ya zo warsha yana kumfar baki, Kawu ya zuba masa gahawa ya ce, "Ɗanka na da gudu. Ba shi da tsayawa. Shi dawo baɗi."

Maganar takalmi kuwa mantuwa ce ta fara ta. A shekarar farko wani saurayi siriri, ɗan manoman bakin kogi, ya zaga da shi dajin bagaruwa ya dawo, sai Kawu ya diro daga motar yana kabbara, ya kama hanyar gida ba takalmi, ƙaya ma bai ji ba. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ni na buɗe, ina budurwa. Saurayin na tsaye riƙe da markubi a hannu biyu kamar wanda ya ɗauko ƙwai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na kawo takalman Usta." Daga nan ta zama al'ada. Ba a shela, ba a kiran suna. Motar da Kawu ya fito daga cikinta ba takalmi, mai ita ya ci, kuma da safe shi zai kai su gida da kansa. Saurayin nan shi na aura.

Da tsufa ya zo, idanun Kawu suka tafi a hankali har ya daina bambance rana da inuwa. Kowa ya ɗauka tsere ya mutu. Ashe lokacin ne ma za mu ga abin mamaki. Wata shekara ina tsaye kusa da wurin tashi, aka kama hannunsa aka sa shi a motar wani yaro. Yaron ya tayar, bai ma motsa ba, Kawu ya ce, "Kashe. Tayar baya ta hagu ba ta da iska." Aka duba, haka ne. Direbobi sun sha faɗa mini cewa kafin su hango lanƙwasa yake cewa "rage", domin ƙafarsa ta ji ƙasa ta canza daga tauri zuwa laushi. Wani ya rantse mini da Allah cewa Kawu ya taɓa ce masa ya tsaya a bayan dajin bagaruwa, ya tsaya yana gunaguni, sai ga garken awaki ya ɓullo daga cikin itatuwa. Na tambayi Kawu yadda aka yi. Ya ce tsuntsaye ne suka tashi ta inda bai kamata su tashi ba, ya ji fukafukansu. A cikin ƙarar inji, fa. Har yau in na tuna sai in yi tasbihi.

Mijina a hanya ya rasu, kusa da Hasahisa. Ba gudu yake yi ba, ya ma sauko daga motarsa yana tsaye a gefen hanya. Direban wata tankar mai ne barci ya ɗauke shi ya hau kansa. Na san haka tun ranar, kuma na san Kawu ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Amma mai baƙin ciki tana neman wanda za ta ɗora wa, ni kuwa bakina bai taɓa yin sanyi ba. Bayan na fita takaba na same shi a warsha, a gaban mutane, na ce masa shi ya sa wa mijina son mota a zuciya, shi ya ɗauke mini shi. Na ce ga ɗana nan namiji ɗaya tal, in ya kuskura ya yi masa maganar tsere ban yafe ba duniya da lahira. Mutumin da ya goya ni na faɗa wa haka.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Na zaci zai zage ni da Hausar nan tasa. Sai ya ce, "Ɗiyata, na ji. Ba ni ce mashi komi. Kin samu alkawalina."

Na daɗe ba na gaishe shi. A duk tsawon lokacin nan, kowace Juma'a da safe sai in ji motsi a ƙofar gidana. In na leƙa sai in ga ƙafafun Kawu sun fito daga ƙarƙashin boksin da mijina ya bari, yana laluben birki da yatsunsa. Ba ya sallama, ba ya neman ruwa. Ya gama, ya karkaɗe jallabiya, ya lalubi sandarsa ya tafi. Wata Juma'a na kasa daurewa na fito da gahawa na ajiye kusa da ƙafarsa. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Cittar ta yi kaɗan." Ko ɗanɗanawa bai yi ba. Shirinmu ke nan.

Ɗana ya girma ya karɓi motar ubansa, yana kai ayaba da albasa kasuwar Sinnar. Ban hana shi tuƙi ba, abinci ne. Tsere na hana, shi kuma bai taɓa musa mini ba. Kawu ya riƙe alkawarinsa riƙon da har ya riƙa ba ni haushi. In yaron ya kai mota gyara, maganar ciwon motar kawai za su yi. Amma ina lura da abu ɗaya. Duk lokacin da boksin ɗana ya wuce ta gaban warsha, Kawu zai yanke maganarsa a tsakiya, ya karkatar da kai, ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace. Sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar ba abin da ya faru. Ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Tseren bana ya zo bayan girbi kamar kullum. Ɗana yana wurin ne kawai don na aike shi da gangunan ruwa da farantan abinci. Kawu ya shiga motar kowane yaro ya fito, kuma kowace fitowa da takalmi a ƙafarsa. Da ya sauko daga ta ƙarshe a haka, mutane suka shiga kallon juna. Ba a taɓa yin shekarar da ba gwani ba. Ana cikin ƙus-ƙus sai aka ga ya dafe ƙirji ya sulale. Motocin gasa duk sun yi zafi, wasu an buɗe musu kai suna huci. Wadda ke tsaye a shirye, hancinta na kallon hanya, ita ce ta ɗana. Aka sa Kawu a gaba, ƙaninsa Kawu Ƙarami ya haye baya.

Ranar kasuwar Mai Wurno ce, kwalta a cunkushe da amalanke da jakuna. Ɗana bai bi ta can ba. Ya hau gefen hanyar ruwa, ya yanke ta gonakin da aka girbe, bai taɓa kwalta ba sai dab da Sinnar. Kawu Ƙarami ya ba da labarin a rumfa har muryarsa ta dushe.

"Wallahi ni dai itatuwa na gani suna wucewa awa an jefo su. Amma ko sau guda ban ji an ɗaga ni an buga ba. Ga rami, ga tsaga, motar sai ta bi ta tsakani kamar ta san wurin. Na riƙe ƙarfe ina salati, can sai na ga ashe ba ni bukatar riƙon."

Likita ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan da gawa za su sauke. Ba a ceci Kawu ba, kwanansa ya ƙare. Amma ya kai har Inna ta iso, ya ji muryarta, ya yi kalmar shahada hannunsa cikin nata. Wannan ɗan lokacin ɗana ne ya samo musu shi, da ikon Allah.

Washegarin jana'iza da safe na je motar ɗauko farantaina. Na sunkuya jawo wani murfi da ya gangara, sai hannuna ya taɓa fata. Takalman majinyaci da aka ciro a gigice, a warwatse ake samunsu, ɗaya nan ɗaya can. Waɗannan an haɗa su diddige da diddige, an tura su can ƙarƙashin kujerar direba, ba ma ta gefen da ya zauna ba. Makaho, ciwo na cin ƙirjinsa, mota na gudu, ya sunkuya ya yi wannan aikin.

Na kira ɗana bayan gida. "Ka san da su?"

"Na gani tun a asibiti, Yumma." Haka yake kirana, wato uwa da Larabcin nan.

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ke kin hana. Khalas, shi ke nan. Na ce in an ɗage rumfa in kai wa Inna a ɓoye, in ce faɗuwa suka yi."

"Me ya ce maka a hanya?"

"Ba komai. Wallahi ba komai, duk hanyar."

Nan na gane. Kawu bai taɓa zama a gefen direba ya rufe baki ba. Kullum sai ka ji yana cewa rage, sake ta, kai jaki kake kora? Mijina ma, ranar da ya ci, sai da ya sha faɗa a lanƙwasar bagaruwa. Ɗana ya ce sai da suka tsaya a ƙofar asibiti, kafin a kawo gadon ɗaukar majinyata, Kawu ya kama wuyan hannunsa ya ce: "Ka ce ma uwakka ban ce komi ba."

Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba a gaban gawarsa. Ya cika alkawarinsa har numfashin ƙarshe, kuma bai yarda ya mutu da ƙarya a kan abin da ƙafarsa ta ji ba. Ya haɗa biyun ya ajiye mini a ƙarƙashin kujera, ya bar mini hukunci.

Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji, har yanzu da nake rubutun nan. Na san abin da ke bayan takalman: shekara a warsha, wadda Kawu Ƙarami da tsofaffin gwanaye suka riga suka ce za su ci gaba da riƙewa, sannan Umdurman, sannan hamadar da ban san iyakarta ba, ni kuma in zauna ina firgita duk lokacin da waya ta yi ƙara. Na taɓa amsa irin wayar nan sau ɗaya. Da na ce faɗuwa suka yi, babu mai musa mini, ɗana ma ba zai musa ba. Shi ya sa da Inna ke cigiya na ci gaba da tsince shinkafata. Amma duk inda na juya sai in ga ƙafafun mutanen nan a ƙasa mai zafi. Mai motar asibiti, mai furfurar Hasahisa, duk yaran da aka ce za su mutu a kwalta, ga su nan da 'ya'ya da jikoki. Kuma na san ɗana. Na san ƙafarsa na ƙaiƙayi tun yana ƙarami, biyayya ce kawai ta danne ta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya yafe mini abin da na faɗa masa a gindin darbejiya. Allah Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya, Ya sa hanyarsa ta ƙarshe ta zama mai laushi.

Ranar da za a ɗage rumfa, da sassafe, na ɗauko takalman na goge musu ƙura da gefen mayafina. Na miƙa wa ɗana. Ya tsaya yana kallona.

"Yumma, kin san ma'anarsa?"

"Kafin a haife ka na sani. Ba a ɓoye ake kai su ba, kuma ba ta bayan gida ba. Ka ba ni ɗan lokaci in riga ka."

Na bi ta lungu na shiga gidan Kawu na zauna kusa da Inna. Ba a jima ba muka ji hayaniyar rumfa ta ɗauke ɗif, sai ƙarar tabarmi, maza suna miƙewa tsaye. Wani ya yi kabbara da muryar kuka. Sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, "Tashi ki buɗe. Ke kika saba."

Na buɗe. Yana tsaye ƙafa ba takalmi, markubi a hannu biyu, kansa a sunkuye, sak ubansa.

"Na kawo takalman Usta."

Na matsa gefe na ce masa ya shigo.